Farantin Lalla Rkiya

Bangon da ya raba gidanmu da na maƙwabta na dutse ne mai kauri, irin na tsohon garin Sawira, amma can sama akwai wata 'yar taga da aka toshe da katako tun kafin a haife ni. Ta nan maganar Turawan da ke zaune a gidan, mata da miji, ke ratsowa. Wata ranar hunturu bayan la'asar, ruwa ya ɗauke amma iskar teku ba ta ɗauke ba, na dawo daga kantin maganin da nake aiki na tarar da Halti Rkiya, yayar mahaifiyata da nake zaune a wurinta, ta ja kujera ta manne da bango. Tiren wake na kan cinyarta, amma ba tsinta take ba.

"Zo nan, Nazha. Me take cewa?"

"Halti, ba kyau fa."

"Na san ba kyau. Me take cewa?"

Faransancin Halti na masana'anta ne. Ta san "yi sauri", ta san zagi, ta san sunan kifi. Sauran ni ke fassara mata.

Matar ce ke magana. "Rana ka yi min alkawari, Jilber. Ka ce ƙasusuwana za su huta. Taɓa bangon nan, zufa yake yi. A garinmu ban taɓa kwana da hula da safa biyu ba."

"Kowa ya ce ba ya daɗewa, Odil."

"Wane kowa? Mutanenka na intanet masu ɗaukar hoto da gajeren wando?"

"Mun sayar da gidan. Ina za mu koma?"

"Ni ina da 'ya, tana da ɗakin baƙi. Kai ka zauna da arhar tumatirinka."

Sai muka ji ana jan wani abu mai nauyi a kan siminti.

"Akwati ne?" in ji Halti.

"Akwati ne."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. "Waɗannan ma." Ta tsinci wake ɗaya, ta riƙe shi a hannu ba ta jefar ba. Can ta ce, "Farantina yana wurinsu."

Gidan nan na maƙwabta wani mai kuɗi ne daga Kazablanka ya saye shi, ya bar wa dillali yana saka Turawa 'yan fansho. Yadda suke zuwa kusan iri ɗaya ne. Su zo yawon buɗe ido lokacin da rana ke da daɗi, su tambayi kuɗin kifi a bakin teku, su kalli juna. Su koma su sayar da abin da suka mallaka, su dawo da akwatuna cike da kayan shan iska. Babu mai gaya musu cewa gidajenmu an gina su ne don su kori zafi, ba su san yadda ake riƙe shi ba. Da hunturu titi ya fi ɗaki ɗumi. Su kuma sai su zaɓi ɗakin ƙasa saboda kyan gininsa, su rufe tagogi ruf, su kunna hita, bango ya fara zubar da ruwa, takalma su yi funfuna a cikin kabad. Su je ofis neman takardar zama a ce su dawo gobe, goben ma a ce gobe. Kafin bazara mun ga motar haya a bakin lungu.

Kowane sabon maƙwabci, Juma'arsa ta farko, Halti kan cika farantinta na tangaran mai zanen shuɗi da kuskus da kabewa da nama, ta aika masa. Farantin na kakarmu ne. A wurinmu faranti ba ya komawa gidansa babu komai a ciki. Ko ƙwayar sukari ce, ko ƙwai biyu, ko dabino cikin tafin hannu. Ba biya ba ne, amsa ce. Wanda ya maido shi wayam ya ce ke nan ya gode, kada a ƙara. Turawan nan kuwa sai su wanke shi har yana ƙyalli, su maido shi nan take, suna murmushi har kunne. Wani ma takardar kuɗi ya ɗora a kai. Halti ba ta sake amsa gaisuwarsa ba har ya bar garin.

Na sha ce mata, "Ki gaya musu mana. Ba su sani ba ne."

"Abin da uwar mutum ba ta koya masa ba, ni zan koya masa da furfura a kansa?"

Mutanen lungu na kiranta Lalla Rkiya, suna kuma tsoron bakinta daidai gwargwado. Tun tana budurwa ta shiga masana'antar kifin gwangwani, tana tsaye cikin ruwan gishiri daga asuba, tana yanke kan kifi da wuƙar da ta fi yatsanta gajarta. A nan ta yi aure, a nan ta yi goyo, a nan take tsaye ranar da aka zo aka ce mijinta Si Hmad masunci ya faɗi a cikin jirgi, ciwon ƙirjin da yake ɓoyewa ya ci ƙarfinsa. Ta aurar da 'ya'ya mata biyu, ta sayar da awarwaronta ta tura autanta Larbi karatu Beljiyam. Bai dawo da zama ba. Ya yi aure can, ya haifi tagwaye waɗanda ba ta taɓa gani ba sai a waya.

A nan ne nake da wani zato da ban taɓa faɗa mata a lokacin ba. Duk Lahadi Larbi kan kira, kuma duk Lahadi maganar ɗaya ce: ta zo ta zauna da su, ko na hunturu ɗaya ne, yaran su san ƙamshin kakarsu. Ita kuma amsarta a shirye take. "Ka ga Turawan da ke kusa da mu? Sun koma. Su da suka zo wurin rana ma ba su iya ba, balle ni in je wurin ƙanƙara. Tsoho ba ya canza ƙofa, ɗana." Kowace motar haya da ta tsaya a bakin lungu hujja ce ta ƙaru mata. Ban ce tana murna da tafiyarsu ba. Na dai lura ba ta taɓa ɗaga yatsa don ta hana ba, alhali ta san duk abin da ke korarsu.

Su Odil kuwa ba su maido da farantin wayam ba. Ba su maido shi ba kwata-kwata. Tun farkon sanyi yake wurinsu, kuma tun daga ranar matar ta daina bi ta ƙofarmu, sai ta zagaya ta bayan masallaci in za ta kasuwa.

Halti ta ajiye tiren wake, ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta ce, "Tashi. Kafin a saka min shi a akwati."

Jilber ne ya buɗe, dogon tsoho, sanye da kwat da hular sanyi a cikin gidansa. Tsohon direban bas ne. Ɗakin na warin laima. Odil na zaune a kan akwatin, ƙaramar mace mai gajeren farin gashi, idanunta jawur. Farantin na kan tebur, an lulluɓe shi da farin ƙyalle.

Halti ta gaishe su yadda ya kamata, ta tambayi lafiya da iyali, sannan ta nuna tebur. "Ce mata na zo ɗaukar kayana."

Na faɗa. Odil ta rufe fuska da hannu biyu. Da ƙyar na tattara abin da take cewa. Ashe ta san al'adar. Mai sayar mata da ƙwai ce ta gaya mata cewa ba a maido faranti wayam, amma ba ta gaya mata sauran ba. Sai Odil ta ɗauka dole abin da za ta saka ya kai kuskus ɗin daɗi, kuma ya zama aikin hannunta. Ta ƙudura za ta yi wainar tuffa irin ta garinsu. Yatsunta suka ƙi murza kwaɓi saboda sanyi. Da ta samu ta kwaɓa, murhun gidan ya ƙona ƙasan ya bar saman ɗanye. Ta sake, ta sake, duk a kwandon shara suka ƙare. Kwanaki na tafiya, kunya na ƙaruwa, har ta kai ba ta iya haɗa ido da ƙofarmu.

Halti ta saurara har na gama. Ba ta yi dariya ba, ni ce na kusa.

"Tambaye ta. Saboda faranti take zagaya masallaci da wannan ƙafar tata?"

Odil ta gyaɗa kai.

"Baiwar Allah. Ƙwayar sukari uku ta ishe ki."

Da na fassara, Odil ta yi wani sauti tsakanin kuka da dariya. Halti ta matsa ta kama hannayenta, ta juya su, ta duba gaɓoɓin da suka kumbura suka karkace. Ta ɗora nata a gefe. Kamar hannun mutum ɗaya.

"Wane aiki ta yi?"

"Wanki da guga, a wani asibiti. Tun tana yarinya, in ji ta."

"Na gani." Ta saki hannun. "Na ɗauka irin matan nan ne masu zanen hoto."

Odil ta miƙe da sauri ta nufi kicin, ta dawo da kwalin sukari, tana ƙoƙarin buɗewa. Halti ta dafe kwalin da tafin hannu.

"A'a. Sukari na wanda bai yi niyyar komai ba ne. Ke kin ce tuffa. Tuffa nake jira." Ta mayar da ƙyallen kan farantin, ta gyara gefensa. "Kuma mai riƙe da farantin mutane ba ya barin gari. In kin cika shi, ki tafi duk inda kike so."

Wannan doka ta ƙarshe ban taɓa jin ta ba a rayuwata. A nan take ta ƙirƙire ta. Na fassara ta kamar yadda aka ba ni.

Washegari ta koma ba tare da an gayyace ta ba. Ta sa Jilber da Si Bushta kafinta suka ɗauki gado suka hau da shi ɗakin sama, wanda Turawan suka mayar wurin ajiye kwalaye. Ta buɗe duk tagogin gidan da hantsi, Jilber na bin ta yana rufewa, tana dawowa tana buɗewa, har ya gaji ya zauna. Ta kwashe barguna ta shanya a kan soro, ta zaunar da Odil a gefensu da bayanta ga rana. Ta ɗauko jallabiyar ulu ta marigayi Si Hmad, wadda ba ta taɓa bari kowa ya taɓa ba, ta miƙa wa Jilber. Jallabiyar ta tsaya masa a ƙwauri.

"Ce masa ya yi kama da limamin da aka wanke da ruwan zafi," in ji ta. "Amma kada ya cire."

Bai cire ba.

Ranar mata ta kai Odil gidan wanka na unguwa. Odil ta tsaya a ƙofar ɗakin tururi tana riƙe da tawul kamar za a yanka ta. Tsofaffin abokan aikin Halti suka yi mata caa.

"Rkiya, ina kika samo wannan 'yar kazar?"

"Figaggiya ma kuwa."

"Ku bar ta, ta fi ku aiki. Zhor, matsa mata kusa da bango mai zafi, ke kitsenki ya ishe ki."

Suka cuɗe ta, suka shafe mata gaɓoɓi da mai, suka ba ta lemo ɓararre. Ta fito ja kamar jariri, ta yi barcin da ta ce ba ta yi irinsa ba tun zuwanta.

Ba komai ne ya gyaru ba, kuma ba kullum Halti ke da gaskiya ba. Ta dafa mata wani ganye mai ɗaci don sanyin ƙashi, ya hana ta nisa da banɗaki har kwana biyu. Sun yi faɗa a kan wata mage da Odil ke bari ta hau gado. Takardar zama ba ta fito ba. Ranar da aka yi bikin haihuwar jikan Odil a can garinsu, ta kalla a waya, ta hau soro ta yi kuka ita kaɗai, muna jin ta. Kuma 'yarta ta riga ta saya mata tikitin jirgi na ƙarshen wata. Akwatin na nan a bakin ƙofa, ba a kwance shi ba.

Jilber ya zo kantinmu sayen man zafi, cikin jallabiyar mamaci. Ya tsaya yana juya kwalbar. Sai ya ce min, ba tare da na tambaye shi ba, ba don ƙasusuwanta kaɗai ya kawo ta ba. Fanshonsu ne ya daina isa su ɗumama gidansu na can su kuma ci abinci, shi kuwa ya kasa faɗa mata, sai ya ce rana. Na ce ya gaya mata. Ya ce, "Ta sani. Ita ke buɗe wasiƙun kuɗin wuta. Shi ya sa faɗan bai ƙarewa, kowa na jiran ɗaya ya fara faɗa."

Lahadin nan Larbi ya kira. Ina jin sa yana tsokanarta. "Yaya Turawanki, Mama? Sun kama hanya?"

"Suna nan," ta ce. "Ina yaran? Nuna min su."

Da ta ajiye wayar na ce, "Halti, kin san in matar nan ta zauna, ba ki da sauran abin gaya wa Larbi."

"Wanke kofunan can."

"Ko dai gwaji kike da ita? Ki ga ko tsohuwa na iya canza ƙofa?"

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. "Boko ya koya miki shisshigi," ta ce, ta fita.

Sai bayan kwana biyu, muna kwashe shanya a kan soro, ta dawo da maganar da kanta, tana ninke zanen gado ba ta kallona. "Da ina cewa sanyi ke korarsu. Sanyi kowa na ji, mu ma muna ji. Babu wanda ke jiran komai daga hannunsu ne. Su wayi gari, su sayi kifi mai arha, su ci, su kalli teku. Ko ni aka yi wa haka sai in ɗaure kayana." Ta miƙo min gefen zanen. "Ja sosai, kina riƙewa kamar mara lafiya."

Ban san lokacin da ta gane hakan ba, ko a ɗakin nan mai warin laima, ko tun da daɗewa ta sani ta ajiye don yana yi mata amfani. Abin da na sani, ta ga hannun da ya yi kama da nata, ta zaɓi ta rushe hujjarta da kanta, kuma ba ta nemi kowa ya yaba mata ba.

An yi wainar tuffa ana saura 'yan kwanaki tafiya. A kan soronmu aka kwaɓa ta da tsakar rana, bayan Halti ta sa Odil ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Halti ba ta taɓa kwaɓin ba ko sau ɗaya, ta zauna ta naɗe hannu tana kushe yadda ake yanka tuffar. Sannan Odil ta ɗora tiren a kan katako, ta bi layin matan lungu zuwa tanderun unguwa, inda kowa ke kai burodinsa. Si Ayyad mai tanderu ya ɗaga ƙyallen ya leƙa.

"Lalla Rkiya, wannan wane irin burodi ne aka yi wa ado kamar amarya?"

"Na maƙwabciyata ne. In ka ƙona shi, gemunka zan saka a madadinsa."

Bai ƙone ba. Da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofarmu, wadda aka daɗe ana zagaya masallaci don guje mata. Odil ce da farantin shuɗi a hannu biyu, Jilber na bayanta. Halti ta karɓa, ta yanka, ta tauna a hankali.

"Ba sukari," ta ce. Ta yanki na biyu, wanda ya fi na farko girma.

Odil ta ce in gaya mata yanzu ta sauke nauyi. Halti ta ce haka ne, Allah ya kiyaye hanya, a gaida 'yarta. Ba ta ƙara ko kalma ba. Na ji haushinta a ranar, na ɗauka ta karɓi kayanta ke nan ta saki matar.

Juma'a ta zo, jirgi kuma Asabar ne. Halti ta tashi da wuri ta turara kuskus, ta cika farantin har yana tudu, ta ɗora min a hannu. "Kai musu."

Odil ta buɗe ƙofa. Ta dubi farantin, ta dube ni, ta dubi akwatin da ke gefenta. Kwalin sukari na nan kan tebur, ina hango shi, ita ma ta san yana nan, kuma yanzu ta san ƙwaya uku ta isa.  Sai ta karɓi farantin ta ce, "Ki gaya wa wannan muguwar tsohuwa akwai wani nama da muke dafawa da albasa, amma sai na samo irin tukunyar da nake so. Zai ɗauki lokaci."

Na gaya wa Halti kalma da kalma, har da muguwar tsohuwar. Ta ce, "Ba gaggawa."

Asabar ta wuce, motar haya ba ta zo ba. Da bazara Odil ta je ta ga jikokinta, ta dawo da tukunyar. Har yau tana ƙorafin laima, har yau suna faɗa da Jilber ta bayan bango, sai dai yanzu a kan mage ne da wanda ya bar taga a rufe.

Da sanyi ya sake kusatowa, Larbi ya yi tambayarsa ta kullum, yana shirin jin amsar kullum. Halti ta ce ya aiko da tikiti, na hunturu ɗaya, kada ya sa rai da ƙari. 

Ranar tafiya ta ba Odil makullin soro, ta jera mata dokoki a kan barguna kamar ba ita ta koya mata ba. Ni na rufe mata akwati, don haka na ga farantin shuɗi da ta naɗe a tsakiyar jallabiyarta ta ulu. Muna bakin ƙofa, direba na jira a bakin lungu, na ce, "Halti, can fa ba sa yin haka. Za su wanke shi su maido miki wayam."

Ta gyara mayafinta, ta taka dokin ƙofa da ƙafar dama.

"Na sani. Wannan karon zan buɗe baki in gaya musu. Ke dai ki riƙa buɗe min tagogi da hantsi."